Linzami ne ya yanke masa baki, ko hannuna?

Mai Bidi: Assalamu alaikum iyaye da yayye, barkanmu da Sallah. Abin da ke tafe da ni ba mai daɗi ba ne. Bidina ɗan shekara huɗu ne, na saye shi bara da kaka a hannun wani mutum na wajen Dakwaro. Ran Sallah na bi hawa da shi, karonsa na farko ke nan. Da muka dawo gida na zare linzami sai na ga kumfar bakinsa ta yi ja, gefen hagu ya tsage kamar faɗin farce. Yau kwana biyar, da ya hango ni da linzami sai ya ɗaga kai sama ya yi ta ja da baya har turke na girgiza. Dokin da a da ko ƙarar motona ya ji a ƙofar gida sai ya yi haniniya.

Daren jiya kuma ƙanena ya nuna mini bidiyon gasar Olimfik ta Paris 2024, wasan nan da ake kira diresaj, wanda aka yi a filin fadar Bersai. Wata Bajamushiya ce, Jessica von Bredow-Werndl, bisa goɗiyarta Dalera, ita ta ci zinare. Na maimaita shi ya fi a ƙirga, ban ga inda hannunta ya motsa ba. Goɗiya na sassarfa wuri guda, ba gaba ba baya, can kuma ta shiga sukuwa tana sauya ƙafa a kowane taki kamar yarinyar da aka ɗinka wa sabon zane. Ba bulala, ba tsawa. To ni tambayata biyu ce. Irin dawakinmu suna iya koyon wannan? Kuma in jefar da linzaminmu in nemi na Turawa?

Ɗan Tibiri: Wa alaikumus salam. Ƙanena, daga kallon bidiyo ɗaya har za ka jefar da linzamin kakanka? Ka zo Tibiri ran hawa ka ga doki na taka kiɗan tambari da algaita, mahayi na riƙe da mashi, ba wanda ya shata masa fili ya kafa haruffa. Rawar doki a gidanmu aka haife ta.

Mai Harawa: Ni dai ko na Turawa ko na Hausa, harawa zai ci. Akwai ta wake mai kyau, ba ta sha ruwa ba.

Mushe Mai Ritaya: Mai Harawa ba ka taɓa barin dama ta wuce ka. Ɗana Mai Bidi, sannu da jinya. Bari in ɗan gyara wani abu, don jama'a na kiran diresaj rawa, alhali kalmar faransanci ce da ke nufin horo kawai. Asalinsa horon dokin soja ne. Ya shiga Olimfik a 1912, kuma har zuwa 1952 hafsoshin soja kaɗai ake bari su yi.

Fili ne mai tsawon mita 60 da faɗin mita 20, na masu koyo 40 da 20. An kafa haruffa a gefe, takarda ta ce a harafi kaza ka shiga sassarfa, a harafi kaza ka tsaya cik. Alƙalai na ba kowane motsi maki daga sifiri zuwa goma, a Olimfik su bakwai ne kewaye da filin. Abin da ka gani na sassarfa wuri guda shi suke kira piyaf. Ba a barin doki ya shiga wannan matakin a gasar duniya sai ya kai shekara 8, kuma kafin nan an share shekaru ana gina shi.

Lokacin da aka tura mu ƙaro ilimi Faransa an kai mu garin Somur, inda mahayan nan masu baƙaƙen kaya suke, Cadre Noir, waɗanda UNESCO ta sa al'adar hawansu cikin gadon duniya a 2011. Wasan da suka yi mana na manta rabinsa. Abin da ya zauna mini shi ne safiyar da muka leƙa wurin horo, na ga wani dattijon mahayi ya ɗauki kusan rabin awa yana tafiya da dukushi, tafiya kawai, a kewaya a tsaya, a kewaya a tsaya. Na tambayi mai yi mana jagora yaushe za a fara aikin, ya ce ai aikin ke nan. Ni da na koyar da aji ɗaya shekara da shekaru na gane nufinsa nan take.

Ɗan Tibiri: Mushe, da girmanka, amma ku 'yan lakwal in abu ya fito Faransa sai ya zama ilimi, in namu ne sai ya zama al'ada. Dokinsu tsayinsa ya kai mita ɗaya da saba'in, nauyinsa kilo 600, yana kwana ɗaki mai iska. Namu rabinsa ne da kaɗan, yana tsaye a rana ta bazara, amma ka sake su biyun daga Maraɗi zuwa Madarumfa a watan nan ka ga wanda zai iso. Kowa da irin kiɗan da ya karɓe shi.

Ɗan Jami'a: Ni ma ina da ja, amma ta wani gefen. Yaya Mai Bidi ya ce ba bulala ba tsawa. A cikin filin gasa, haka ne, a manyan gasanni an hana shiga da bulala, ko magana ka yi wa doki ko ka yi masa ƙyacci sai an rage maka maki. To bayan fage fa? Ana saura 'yan kwanaki a buɗe wannan gasar ta Paris aka fitar da bidiyon Charlotte Dujardin ta Ingila, mai zinare uku na Olimfik, tana zabga wa dokin ɗalibarta doguwar bulala a ƙafafu fiye da sau ashirin. Ta janye daga gasar, hukumar wasan dawaki ta duniya, FEI, ta dakatar da ita shekara guda. Wannan ita ce wadda ta kafa tarihi da wani doki mai suna Valegro a Landan a 2014 da maki 94.3 cikin ɗari.

Kafin nan ma akwai salon da wasu ke janyo kan doki har haɓarsa ta kusa taɓa ƙirji, a riƙe shi haka ana horo, sai a 2010 hukumar ta haramta yin sa da ƙarfin tsiya. Kuma ku lura da kyau, a babban mataki linzami biyu ne a bakin dokin, ba ɗaya ba, ga ƙaimi a ƙafa. Kada mu ɗauka can mala'iku ne.

Mushe Mai Ritaya: Ban musa ko ɗaya ba, ɗana. Sai dai ka ƙara da cewa su suka tona kansu, su suka hukunta. A Bersai ɗin nan an fitar da wani mahayin Amurka ana tsakiyar wasa saboda alƙali ya hango ɗan jini a ƙafar bayan goɗiyarsa, ƙwarzane ne ma kawai. Mu fa? Ran Sallah dawaki nawa ke komawa gida da jini a baki da ciki, mu tafa mu ce doki ya yi wasa? Abin da nake so mu ara ke nan, ba baƙar hula ba.

Baba na Bagalam: Jikana ne ke rubuta mini, ni ina hwaɗi. Na ji duk abin da kunka ce. Ni shekarata goma sha biyu anka kai ni barga ina kwasar kashin doki, sai da na yi shekara ukku ina yankan ciyawa kahin a bar ni in ɗora ƙahwa bisa likkahwa.

Mai Bidi, ɗana, kada ka zagi linzami. Ka ɗauko shi ka duba. Akwai harshen ƙarhe da ke tashi ya taɓa ganɗa, akwai zobe da ke zagaye haɓa. Wanda ya ƙera shi ba mahaukaci ba ne, don yaƙi ya yi shi. Mutanen Ɗan Baskore, sarkin Maraɗi, da sunka yi ta kai hari ƙasar Katsina, hannu guda garkuwa da linzami, hannu guda mashi, doki na tsakar sukuwa ana so shi tsaya nan take ko a mutu. Shi ya sa shi ke da kaihi. Amma don shina da kaihi, ba a riƙe shi a ɗame. Sakwa-sakwa a ke barin shi. Doki na ƙwarai nauyin igiyar kaɗai shi ke ji bisa wuyanshi shi juya, ka ɗan zauna baya shi rage, ka ɗaga ɗan yatsa shi yi zamiya. Maigidana da ya koya mini, Allah shi jiƙan shi, zaren saƙa ya taɓa ƙulla mini tsakanin linzami da igiya, ya ce in kewaya gari in komo. In zaren ya tsinke, ba ni cin tuwon dare. Sau biyu na kwana da yunwa.

Na Turawan da ka ke hwaɗi jikana ya gwada mini hotonshi, wanda a ke soma wa dukushi da shi. Ba shi da harshe ba shi da zobe, a tsakiya ma ya karye biyu. Wannan ana iya riƙe shi da hannu biyu kullum ana jin bakin doki, don ba shi cizo sosai. Ku yaran yanzu kun ɗauki riƙon wancan kun kai ma wanga. Kun mai da linzami igiyar guga, da shi ku ke riƙe kanku kada ku hwaɗi. To ni tambaya guda ni ke yi maka, kuma ka ji tsoron Allah. Ran hawa, lokacin da 'yan bindiga sunka buga, ina hannunka ya ke?

Mai Bidi: Baba, ranka ya daɗe, ka kama ni. Muna gab da ƙofar fada aka buga ta farko, doki ya zabura gefe, ƙafata ta dama ta fita daga likkafa. Wallahi ban san sanda na rungumo linzami da hannu biyu na ja har ƙirjina ba. Ya miƙe tsaye da ƙafafun baya, mata na guɗa, abokaina na ihu wai na iya. Ni kuwa tsoro ne ya cika ni, kuma maimakon in sassauta sai na ƙara ja, don na ga jama'a sun ji daɗi. Na maimaita sau uku da gangan kafin mu watse. Ban faɗa wa kowa wannan ba sai yanzu.

Baba na Bagalam: Madalla da ka hwaɗi gaskiya. Ta farin tsoro ne, Allah na gahwartawa, doki ma na mantawa. Ukkun nan na baya su ne bashin da za ka biya. Tsayuwar da ya yi ba wasa ba ce, gudun zahi ne, ba shi da wurin zuwa sai sama.

Dokta: Barkanku da Sallah. Baba ya gama magana ta gefen hannu, ni bari in shiga cikin bakin. Mai Bidi, ka ce shekararsa huɗu. Daga shekara biyu da rabi zuwa wajen biyar doki na cikin famfara, haƙoran nono 24 yake zubarwa. Kuma tsakanin huɗu da biyar ne fiƙoƙin namiji ke hudowa, a wannan filin na dasashi da ba haƙori, kusa da inda linzami ke kwanciya. Wasu dawakin ma suna da wani ɗan ƙaramin haƙori a gaban na tauna na sama, ƙarfe na bugunsa su yi ta kaɗa kai a ce taurin kai ne. Ban da haka, muƙamuƙin sama ya fi na ƙasa faɗi, haƙoran kuma ba sa daina fitowa, don haka gefensu na waje yana yin kaifi kamar aska. Ka ja linzami, kunci ya matsu a kan kaifin, ya tsage. A goge su da magagari sau ɗaya a shekara, an huta.

Yanzu dai ka ajiye kowane irin linzami, na Hausa da na Turawa, sati biyu zuwa uku. Ka riƙa wanke wurin da ruwan ɗumi da ɗan gishiri safe da yamma. Kada a zuba masa toka ko baƙin man mota, na sha gani. Abin da ya fi damuna shi ne allurar tetanos. Doki na cikin dabbobin da cutar nan ta fi kamawa, ƙwayarta kuma a ƙasa da kashin doki take zaune. In ba a taɓa yi masa ba, gobe ka nemi ma'aikatan kiwo. Ka sayi ma'aunin zafi ma, ba shi da tsada. Lafiyayyen doki yana tsakanin 37.5 da 38.5, bugun zuciyarsa a hutu 28 zuwa 44 a minti.

Wani abu kuma, ƙashin bayan doki ba ya gama ƙwari sai wajen shekara biyar zuwa shida. Sirdinmu na sarauta da jalala da kayan ado nauyi gare su, ga ƙato a sama, ga miƙewa da ƙafafun baya. A tausaya.

Mai Harawa: Dokta, ka faɗa musu su daina rowar harawa. Mutum ya sayi kayan doki na jaka ɗari, ya zo yana cinikin dami kamar zai yi kuka.

Dokta: Yau kam gaskiyarka, ko da yake kasuwarka kake gyarawa. Tumbin doki ƙarami ne, lita 8 zuwa 15, kuma doki ba ya amai, abin da ya shiga sai dai ya bi ta baya. An halicce shi ya yini yana tsinkar ciyawa kaɗan-kaɗan. Irin namu mai kilo 300 zuwa 350 yana son busasshiyar ciyawa da harawa kilo 5 zuwa 7 a yini, a raba masa. Kuskuren da nake gani duk shekara shi ne Sallah saura sati a fara ɗura wa doki gero tiya guda a zama ɗaya wai ya yi ƙarfi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Daga nan sai ciwon ciki, ko zafi ya sauka a kofato doki ya kasa taka ƙasa. Rabin tiya a ci ɗaya ya isa, kuma in za a ƙara a ƙara sannu cikin sati biyu.

Mu nan Maraɗi muna da wata matsalar, rairayi. Ana zuba wa doki abinci a ƙasa yana haɗawa da yashi, yana taruwa a hanji. Ka ɗebi kashinsa ka dama da ruwa a farar leda ka rataye, bayan kwatan awa ka taɓa gindin ledar. In ka ji yashi, ka samo rabin tano, wato ganga, ko tsohuwar tabarma ka riƙa zuba masa a ciki.

Ɗan Tibiri: To kanwa fa, Dokta? Kada ka ce mini ita ma Turawa sun hana. Kuma mu mun tashi an ce doki in ya yi gumi ba a ba shi ruwa, ba a yi masa wanka.

Dokta: Kanwa kaɗan ba laifi, amma ba ta maye gurbin gishiri. Ka ajiye masa kantun Bilma ya riƙa lasa. Zancen ruwa kuwa, an yi bincike a kansa sosai kafin Olimfik ta Atlanta a 1996 saboda zafin garin, aka tabbatar kwara wa doki ruwan sanyi bayan aiki shi ne hanya mafi sauri ta sauke masa zafi, kuma ba ya cutar da shi. Ka bar shi ya sha. A zafin nan da ke haura 40, lita 40 zuwa 50 a yini ba ta yi masa yawa ba.

Ɗiyar Mai Doki: Salamu alaikum. Na daɗe ina karatu ban sa baki ba, don an ce zancen doki na maza ne, amma ni a gidan doki na tashi a Mokoyo. Kuna ta linzami da gero, ba wanda ya tambayi Mai Bidi wa ke share wa dokin wuri, wa ke kai masa ruwa.

Mahaifinmu yana da wani akawal, shi ke hawansa, amma innarmu ke dama masa dusa, ita ke cire masa kaska da yamma tana yi masa hira kamar mutum. Wata shekara gobara ta kama danni kusa da turkensa, maza huɗu suka kasa kwance shi, yana harbi yana tsalle. Inna ta fito, ta yafa masa mayafinta a fuska, ta kama ragama ta fita da shi kamar ɗan akuya. Ba ta taɓa hawa doki ba har ta koma ga Allah. Yanzu kuwa sai a bar wa almajiri doki wata goma sha ɗaya, ɗaure da ƙafa a turke ba kilisa, ran Sallah mai shi ya fito da babbar riga ya ce doki ya san shi. A ina ya san ka?

Mushe ya ce sai 1952 aka buɗe wa kowa. To a shekarar, a Helsinki, wata 'yar Danmak mai suna Lis Hartel ta zo ta biyu. Shan inna ya kama ta tana da shekara 23, daga gwiwa zuwa ƙasa ba ta iya motsawa, ɗora ta ake yi bisa dokin a sauke ta. Wanda ya zo na ɗaya, wani hafsan Suwidin, shi ya taimaka mata zuwa wurin karɓar lambar. Ta sake zuwa ta biyu a 1956. Wadda ba ta da ƙafar matse doki, ku gaya mini da me ta juya shi.

Ɗan Tibiri: Hajiya, na sauka daga dokina na durƙusa. Amma ki bar mana ɗan abin faɗa mana.

Malam na Limanci: Allah ya jiƙan inna. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa alheri na ƙulle a makwarkwaɗar dawaki har ranar ƙiyama, kuma a Muslim an hana dukan dabba a fuska. Ina ganin wanda ya fizgi ƙarfe a bakinta don a yi masa guɗa bai yi nisa da wannan hanin ba. Mai Bidi ya yi nadama a bainar jama'a, saura gyara.

Mai Bidi: Hajiya, maganarki ta fi ta kowa yi mini zafi, don gaskiya yaron shagona ne ke kula da shi, ni sai Juma'a da yamma. Na karɓa. To Mushe da Baba, in bakin ya warke daga ina zan fara? Har yanzu ina son ya iya abin nan na sassarfa wuri guda, ba zan ɓoye ba.

Mushe Mai Ritaya: Ka manta da shi tukuna. Jamusawa sun jera horon hawa shida, abin da kake kwaɗayi yana can a na ƙarshe, inda doki ke tattara jikinsa ya mai da nauyi kan ƙafafun baya. Na farko shi ne daidaiton taki. Ka saurari kofato, tafiya bugu huɗu ce, sassarfa biyu, ƙaramar sukuwa uku, kada ya riƙa gaggawa yana ragewa. Na biyu sakin jiki, ka ga ya sauke wuya, yana furzar da numfashi, wutsiya na lilo. In ba ka samu waɗannan biyun ba, duk abin da ka ɗora a kai tsoro ne ka yi wa ado. A makarantar Biyana ta Ostiriya, mai dawakin nan da ake haifa baƙaƙe su rikiɗe kili, da shekara huɗu ake fara musu, a ɗauki kamar shekara shida kafin a ce doki ya gama. Naka yanzu ya isa shiga aji.

Ka samo gwangwanaye takwas ka shata 40 da 20. Minti ashirin a rana ya fi awa uku ran Juma'a. Kuma dokar da ta fi kowace, da ka nemi abu ya ba ka, ka saki nan take. Da sakin yake gane ya yi daidai.

Baba na Bagalam: Wanga na ƙarshe da Mushe ya hwaɗi, shi ne zaren maigidana, ba wani abu ba. Amma ban yarda da shi ga sauran ba duka. Su sun hana magana da doki, ni kau na ce ka yi mishi magana, ka ba shi hwito guda na tsayawa, guda na tahiya, kada ka canza. Kuma dokinsu ba a buga mishi bindiga bisa kunne. Naka in dokin hawa ka ke so, sai ka kai shi inda a ke kiɗa ya tsaya nesa shina cin harawa, gobe ka matso, jibi ka ƙara. Takarda ba ta koya wannan.

Ka soma da ragama, ba linzami. Ka ja shi da ƙasa, ka tsaya shi tsaya, ka tahi shi tahi, har igiya ta zan ba ta da aiki. Kai kuma mahayi kana da naka horo. A riƙe maka doguwar igiya shina kewayawa, kai kana bisa hannuwanka ga ƙugu, ƙahwa ba likkahwa, har ka iya zama da gindinka. In ka kai gulbi kada ka shiga tsakiyar rairayi mai zurhi, shina ja ma doki jijiya. Ka bi gehe inda ƙasa ta ɗan yi tauri.

Ɗan Jami'a: Baba, abin nan na doguwar igiya ba likkafa, haka ake fara wa sababbin mahaya a Biyana ɗin da Mushe ya ambata, wata da watanni.

Baba na Bagalam: To su ma sun iya.

Mai Bidi: Salam jama'a, na dawo da labari bayan kwana goma sha biyu. An yi allurar. Likitan da ya zo ya sa hannu a bakin ya ce in taɓa, wallahi gefen haƙorin sama na hagu sai da ya kusa yanka mini yatsa, daidai inda kuncin ya tsage. Ya goge shi. Fiƙar ƙasa ma tana hudowa, dasashin ya kumbura. Gwajin leda kuma na yi, na samu yashi kamar cokali guda, yanzu a rabin tano yake ci.

Na karɓi shara da ban ruwa na asuba da kaina. Kwana huɗun farko in na shigo sai ya juya mini gindi ya kwantar da kunne. Ran na biyar ina duƙe ina kwasar kashi sai na ji numfashi a ƙeyata, ya ɗan ja hulata ya yar. Ban motsa ba har ya gaji. Jiya na gwada rataya linzamin a kafaɗata ina share wuri, ban nufe shi da shi ba. Ya ɗaga kai ya yi huci, amma bai ja turke ba. Linzamin Turawan dai na sa a tambayo mini a Katsina, ban yanke shawara ba tukuna.

Ɗan Tibiri: Kada ka sayar da namun dai. In ka gaji da shi ni ina so.

Ɗiyar Mai Doki: Hular da ya ja, ka bar masa ita a wurin kwana biyu.

Mushe Mai Ritaya: Ina da tsohuwar igiyar awo ta filin wasan lakwal, mita hamsin. Lahadi in Allah ya kai mu zan zo da ita mu shata filin.

Baba na Bagalam: Lahadi bayan sallar asuba, bakin gulbi ta wajen tsohon gari, kahin rana ta yi zahi. Ka zo da shi da ragama, ba sirdi. Ka ba shi harawa kaɗan kahin ku hito, gero sai kun koma. Linzamin ka taho da shi cikin buhu in duba ko maƙeri ya bar mishi kaihi ga harshe. Jikana za shi riƙe doguwar igiya. Kai kuma ka sanyo wandon da ba ka so, don za ka hwaɗi.

Mai Harawa: Ni ma zan zo da dami biyu, ko wani zai buƙata.